Lamba Sittin da Uku

Da hantsin Asabar Malam Sale ya isa Kanyar Tudu, ya tarar da keken ɗaukar marasa lafiya, mai taya uku, a inda aka ƙone shi, a bakin kududdufi, gabas da masallacin Juma'a. Ƙarfe kawai ya rage, baƙi ƙirin, ya karkace gefe guda. Katifar da ake kwantar da mata masu naƙuda ta zama toka, yayyafin asuba ya dama tokar ta koma taɓo.

Shekara talatin Malam Sale ya yi yana bin sawun shanun sata tsakanin Miga da Jahun da Garki, har ta kai in ya dubi ƙasa zai gaya maka da wace ƙafa saniyar da ta wuce take ɗingishi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ya koma zaman zaure a Miga, amma idonsa yana nan yadda yake. Ya zagaya keken sau biyu yana dogara sanda. Sawun mutane ya haura talatin. Ga inda aka ja mutum a ƙasa, ga inda ya dafa hannu zai tashi aka sake mayar da shi. Ba wanda ya damu ya share sawunsa, kuma wannan ne ya fi tayar wa Malam Sale hankali, don alama ce ta mutanen da suka kwana suna ganin daidai suka yi.

Wanda aka ja ɗin Monday ne, direban keken. Mutumin Filato ne, iyalinsa na Dutse, shi kuma wata gidauniya mai suna Sauka Lafiya ta ajiye shi a Miga shekara uku ke nan. Aikinsa ɗaya ne. In mace ta shiga naƙuda mai wuya a ƙauye, ma'aikaciyar lafiyar garin ta danna kira a manhajar da ke wayarta, tasa wayar ta yi ƙara, ya tashi ya je ya kawo matar asibiti. Da yamma yakan zo zauren Malam Sale su ci tuwo a kwano ɗaya, Baba yake kiransa.

Ranar Talata Nana Aisha, matar wani manomi Abdurrahim, ta haihu da rana, jini ya ɓalle mata. Aka jira keke har la'asar bai zo ba. Da aka ga abin ya wuce jira aka ɗora ta a amalanken shanu, ta cika a hanya. Ranar Juma'a jami'in gidauniyar ya kawo wa dagaci takarda cewa an kira, kira ya shiga, direba ne bai je ba. Monday kuwa, da bai san abin da ke jiransa ba, a wannan ranar ya zo ta'aziyya.

Yanzu yana kwance a asibiti a Dutse da kai a fashe, ana jiran ya tashi a kai shi kotu. Matarsa Juliana ce ta kira Malam Sale da asuba, muryarta ta dishe.

"Baba, likita ya ce jini ya taru masa a ka, ba su san yadda za ta kasance ba. In ya farfaɗo magana ɗaya yake yi, wai a gaya wa yara bai ji kira ba. Baba, ko mutuwa zai yi, kada ya tafi da sunan wanda ya bar mace ta mutu."

"Zan duba, 'yata," abin da ya iya cewa ke nan.

* * *

Dagaci ya karɓe shi da mutunci, don Malam Sale ya taɓa dawo masa da shanu bakwai daga dajin Garki, amma fuska ba walwala. Zauren cike yake da mutane, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon baƙon ta gefen ido.

"Malam, mu ba mu so abin ya kai haka ba," in ji dagaci. "Amma ga takarda. Kwamfuta ce ta fitar, kwamfuta kuwa ba ta da ɗan'uwa a garin nan, ba ta da abokin gaba."

Mutanenmu ke nan. Kawo musu takarda mai tambari, ko me ka rubuta a ciki sai sun fi yarda da ita fiye da idonsu. Malam Sale ya karɓa. Layi goma sha ɗaya ne, duk kiran da aka taɓa yi daga Kanyar Tudu, kowanne da ranarsa da lokacinsa da sunan matar. Na ƙarshe shi ne na Nana Aisha, Talata, ƙarfe biyu da minti goma. Ya roƙi a bar masa ita, ya ninke ya sa a aljihu.

Wani matashin magidanci ya yi magana daga jikin bango, idanunsa jajir, bayan hannunsa na dama a kumbure. Ba sai an gaya wa Malam Sale cewa shi ne Abdurrahim ba, kuma ba sai an gaya masa abin da ya kumbura hannun ba.

"Lodin gero ya tafi yi Jahun da keken. Ran matata bai kai masa buhun gero ba."

"Allah ya jiƙanta, ɗana. Wa ya gan shi da geron?"

"Kowa ya sani."

"Ni mutum ɗaya nake nema, wanda ya gani da idonsa."

Wani ya yi tari, wani ya gyara hula, ba wanda ya ce shi ne.

* * *

Lauratu, ma'aikaciyar lafiyar garin, tana tsakar gidansu a zaune kan turmi. Kwana huɗu ba ta fita ba, don akwai masu cewa ita ce ta yi jinkiri, sai da jini ya ƙare sannan ta tuna da waya. Malam Sale ma da wannan zargin ya shigo, bai kuma ɓoye mata ba.

Ba ta yi musu da baki ba. Wayar ta miƙo masa. A fuskar manhajar ga kore shar, an rubuta An aika, ƙarfe biyu da minti goma.

"Sau uku na danna, Baba. Duk sau ukun ta ce an aika. Na ce wa Nana Aisha ki yi haƙuri, keke na hanya. Da bakina na gaya mata haka, ta riƙe hannuna tana cewa ina jin ƙararsa kuwa? Na ce ina ji. Wallahi ba na jin komai."

"Me ya hana ki kira direban kai tsaye?"

"An hana mu lambar direbobi, wai mutane na kiransu ɗaukar kaya. Lambar Malam Haisam kawai muke da ita, jami'inmu na Dutse. Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Da ya zo sadakar uku ranar Alhamis ya ce min yana taro ne a lokacin. Ya daɗe a nan yana ba ni haƙuri."

Malam Sale ya ga maƙaryata da yawa a rayuwarsa, ɓarayin shanu masu rantsuwa da Alƙur'ani suna kuka. Wannan yarinyar ba ta yi masa kama da su ba. Ya mayar mata da wayar, ya fita zuciyarsa a cunkushe.

* * *

A Miga ya tafi gindin darbejiyar da Monday ke ajiye keke, kusa da mai facin taya. Ƙasar wurin ta gaya masa rabin labarin kafin ya buɗe baki: tayoyi uku sun lotsa taɓo sun yi gurbi, ga ɗigon baƙin mai a wuri ɗaya. Mai facin ya cika sauran.

"Gero? Malam, ranar Talata keken nan bai motsa ba tun safe har magariba. A kan bencina yake zaune, wayar a cinyarsa. Kullum haka yake, ko bayi zai shiga da ita yake shiga."

Malam Sale ya koma gida. Ya kashe maganar gero, amma abin da ya samu a madadinta ya fi muni. In kira ya shiga, kuma mutum yana zaune da waya a cinya, tafiyar minti ashirin tsakaninsa da matar, to ba sakaci ba ne, ganganci ne. Wayar Monday kuwa, wadda za ta raba gardama, ta ƙone tare da keken.

Ranar Lahadi bayan azahar ya shimfiɗa takardar a kan buzu, ya sa tabarau. Bokonsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba, don haka bai karanta ta yadda masu ilimi ke yi ba. Bin ta ya yi da yatsa, layi bayan layi, har gefen da ba wanda yake kallo. A ƙarshen kowane layi akwai wasu ƙananan lambobi. Na farko 2.4 (41). Na biyu 2.4 (41). Haka har na goma, wanda aka yi wata biyu da suka wuce. Na goma sha ɗaya, na Nana Aisha, shi kaɗai ya ce 2.4 (63).

Bai san ma'anarsu ba. Abin da ya sani shi ne, in ka bi saniya ɗaya taku goma sannan na goma sha ɗaya ya canza kofato, to wata saniyar ce ta taka.

* * *

Ofishin gidauniyar a Dutse, inda ya je ranar Litinin, ɗaki uku ne a saman wani bene. Haisam ya tare shi da fara'a, ya durƙusa ya gaishe shi, ya aika a kawo ruwan sanyi. Matashi ne mai tsafta, shadda a goge, irin waɗanda maganarsu ke fita sumul kamar sun haddace ta.

"Baba, abin ya dame mu ƙwarai. Monday mutumin kirki ne, amma ɗan Adam ne, wataƙila barci ya ɗauke shi. In kuma ba haka ba, sai a tambayi wadda ta rubuta manhajar. Ni aikina kula da ma'aikata ne."

Malam Sale ya nuna masa ƙananan lambobin.

Haisam ya duba ya yi murmushi. "Wannan tarkacen kwamfuta ne, Baba. Ba su da wata ma'ana."

Ya faɗi haka hankalinsa kwance, ko ƙifta ido bai yi ba. Malam Sale ya lura da wannan, ya ajiye a ransa, ya ce a nuna masa ɗakin mai rubuta manhajar.

Khaulat sunanta, mace mai kimanin shekara talatin, idanunta sun faɗa kamar wadda ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Da ya shimfiɗa mata takardar ya sa yatsa a kan lambobin, sai ta tashi ta rufe ƙofa.

"Manhaja lamba biyu gare ta, Baba. Ta farko siga ce, 2.4 ɗin nan, ita ce sunan da ke fitowa a fuskar waya kowa ya gani. Ta cikin baka kuma lambar gini ce. Duk sanda na taɓa kod na sake haɗa manhajar, ko harafi ɗaya na canza, sai ta ƙaru da ɗaya."

"Ke kike rubuta ta a takardar?"

"A'a." Ta juyo masa da kwamfuta, ta nuna wasu layuka uku a cikin rubutu mai kama da jerin tururuwa. "Kod ke nan, umarnin da waya ke bi. Wannan layin yana tambayar manhajar da kanta, wace siga ce ke, wane gini ne ke? Abin da ta amsa shi ake mannawa a jikin kowane kira. Mai waya bai isa ya canza ba, galibi ma bai san ana yi ba."

"To sittin da uku yaushe kika gina ta?"

Ta buɗe wani jeri, ta bi shi da ido zuwa ƙasa. Sai hannunta ya tsaya a kan kwamfutar.

"Laraba. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe."

"An binne Nana Aisha Talata kafin magariba," in ji Malam Sale a hankali.

Khaulat ta dafe kai. Sannan ta yi bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Saboda ƙauyuka ba su da sabis mai ƙarfi, manhajar lokacin da agogon waya ya nuna take ɗauka. Duk wanda ya mayar da agogon wayarsa baya, ya shiga da lambar sirrin Lauratu, zai iya ƙirƙirar kiran Talata a ranar Alhamis. Sittin da uku kuma ta gwaji ce, tana rubuta kira a rumbun bayanai amma ba ta kaɗa wayar kowane direba. Wanda ya yi aikin ya san wannan, shi ya sa ya zaɓe ta.

"Amma yarinyar can ta danna da gaske. Na ga wayarta, ta ce an aika."

"Kana da lambarta, Baba?"

Suka kira Lauratu. Khaulat ta bi da ita a hankali, danna nan, sauka ƙasa, shafi na ƙarshe, karanta min abin da kika gani.

"Biyu, ɗigo, huɗu," in ji muryar Lauratu. "Sai arba'in da ɗaya a cikin baka."

"Wa ya saka miki sabuwar manhaja da aka ce kowa ya saka?" in ji Khaulat.

"Malam Haisam ya ce hanya ta lalace ba zai iya zagayowa ba, mu tura wa juna waya zuwa waya. Hauwa'u, ma'aikaciyar wani ƙauye, ce ta tura min tata a gidan suna. Da ya kira ya tambaye ni me ta nuna, na ce 2.4, ya ce shi ke nan, ita ce."

Khaulat ta kashe wayar, hawaye na zubo mata. Wata biyu da suka wuce, in ji ta, gidauniya ta canza rumbun da kira ke shiga. Daga gini na hamsin zuwa sama ne kawai suka san sabon adireshin. Arba'in da ɗaya tsohon gida take aikawa, gidan da ba kowa a ciki, sannan ta gaya wa mai waya an aika. An ɗora wa Haisam ya zagaya ƙauyuka ya saka sabuwar da hannunsa, ya kuma sa hannu cewa ya gama.

"Wa yake da sittin da uku?" in ji Malam Sale.

"Ni, da shi. Shi yake gwadawa kafin a raba."

Malam Sale ya dube ta. "Ke ma kina da abin ɓoyewa, 'yata."

"Ina da shi," ta ce, ba ta kau da ido ba. "Ni na bar sunan a 2.4 ban canza ba, tsohuwa da sabuwa fuskarsu ɗaya. Ni na bar tsohuwar tana cewa an aika. Wannan zan faɗe shi a gaban kowa, kuma har in mutu yana wuyana. Amma da ni na ƙirƙiri kiran nan, Baba, arba'in da ɗaya zan rubuta, don na san inda lambar take."

Ya miƙe da ƙyar yana dafa sanda. Daga nan asibiti ya wuce. Monday bai farka ba. Juliana na zaune a gefen gado tana goge masa baki da tsumma, ya ce mata ta ƙara haƙuri zuwa gobe.

* * *

Talata da hantsi zauren dagaci ya cika har waje. Malam Sale ya zo da wani sufeton 'yan sanda da suka yi aikin shanu tare shekarun baya. Lauratu na zaune a bakin ƙofa cikin hijabi, Khaulat a gefenta. Haisam ya zo a motar ofis, an gaya masa taron sulhu ne, har da jawabi ya rubuto.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Sale, "ina roƙon duk mai manhajar nan a wayarsa ya ajiye ta a kan tabarma."

Waya uku suka sauka: ta Lauratu, ta Khaulat da ta Haisam. Haisam ya ajiye tasa yana murmushi, ya ma buɗe manhajar da kansa. Fuskokin ukun iri ɗaya, kowacce 2.4.

Malam Sale ya fito da takardar. Bai yi doguwar magana ba. Ya karanta musu arba'in da ɗaya sau goma, ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka fara ƙosawa, sannan ya karanta sittin da uku. Khaulat ta tashi ta faɗi ranar da ta gina ta, ta faɗi nata kuskuren ba ta rage komai ba.

"Lauratu," in ji Malam Sale, "ranar sadakar uku, da jami'inku ya zauna yana ba ki haƙuri, me ya tambaye ki?"

"Ya ce in gaya masa daidai lokacin da na danna. Na nuna masa. Sannan ya ce in ba shi lambar sirrina, wai zai duba min ko laifin daga wajena ne."

"Wannan aikina ne!" Haisam ya ɗaga murya. "Dole in bincika. Ranka ya daɗe, tsohon nan bai san komai a kan waya ba, yarinyar nan ce ta kitsa masa don ta wanke kanta. Ga wayata nan, kowa ya gani, 2.4, irin ta kowa."

"Gaskiyarka, ban san waya ba," in ji Malam Sale. "Sufeto, a buɗe mana shafin ƙarshe."

Sufeton ya ɗauki ta Lauratu, Khaulat na gaya masa inda zai danna daga nesa. Arba'in da ɗaya. Ya ɗauki ta Haisam. Ya duba, ya sake dubawa, ya juya ta ga dagaci.

"Sittin da uku."

Bai goge ta ba, don bai taɓa sanin akwai abin gogewa ba. Lambar da bai duba ba a wayar Lauratu wata biyu da suka wuce, ita ce bai duba a tasa ba. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar.

"Ni ban ce a taɓa shi ba," ya ce daga ƙarshe, muryar ta koma ta yaro. "Ranar Laraba na duba na ga kira bai shigo ba, na san za a ce ban zagaya ba, za a kore ni. Na ɗauka shi gargaɗi kawai za a yi masa. Wallahi ban san zai zo garin nan ba."

Abdurrahim ya miƙe. Wasu samari suka miƙe tare da shi, aka fara matsowa, irin matsowar da ƙasar bakin kududdufi ta riga ta ba Malam Sale labarinta. Tsohon ya gitta sandarsa a tsakani.

"Zauna, ɗana. Ranar Juma'a ma haka ka tabbata."

Abdurrahim ya dubi kumburarren hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya zame a jikin bango ya zauna, ya fashe da kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa sau biyu. Ba wanda ya rarrashe shi, don rabin zauren da abin da ke cin ransu. Sufeton ya sa Haisam a mota, ya ce wa dagaci zai dawo da yamma, a tara masa duk wanda ya ɗaga hannu ranar Juma'a. Khaulat kuwa tuni ta koma gefe da jerin sunayen ma'aikata talatin da tara, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta karanta mata lambar cikin baka.

* * *

Motar haya ta sauke Malam Sale a Dutse bayan azahar. Ya hau adaidaita zuwa asibiti, takardar wanke Monday da sufeto ya rubuta masa a aljihu, yana ta shirya yadda zai faɗi maganar. Rabonsa da sauri irin wannan tun yana bin shanu.

A bakin ɗakin ya tarar da yara biyu a zaune a ƙasa, mace da namiji, da kayan makaranta a jikinsu. Ɗan sandan da ke gadi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Malam Sale ya gane tun kafin ya shiga.

An ja farin zane har ƙirjin Monday, an ɗaure masa haɓa. Juliana na tsaye a kansa, ba ta kuka, idanunta a bushe.

"Ƙarfe goma sha biyu ya cika," ta ce. "Ya farka da safe, Baba. Ya gane ni. Ya ce Baba ya zo? Na ce yana hanya. Ya ce to zai jira."

Malam Sale ya ciro takardar ya miƙa mata. "An wanke shi, 'yata. A gaban duk garin. Kira bai taɓa zuwa wayarsa ba."

Ba ta karɓa ba. Ta leƙa waje ta kira yaran, suka shigo suka tsaya a jikinta.

"Ni na sani tun ranar farko," ta ce. "Shi ne yake jiranka. Ka gaya masa da bakinka, su ma su ji."

Tsohon ya jingine sandarsa a jikin gado. Ya sunkuya a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, har bakinsa ya kai kusa da kunnen da ya riga ya yi sanyi.

"Monday, ɗana, ni ne Baba. Na zo. Ba ka ji kira ba, don ba a kira ka ba."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi uwarta. "Mama, ya ji?"

Juliana ta jawo ta jikinta ta rungume.